Babi na Shida: Ɗunɗu a Makiyaya

Ɗunɗu ba ya cinye makiyaya a damina ɗaya. Shekarar farko 'yan tsirrai ne nan da can waɗanda ba su kai gwiwa ba, ciyawa ta lulluɓe su, ba mai lura. Bayan damina uku sun kai ƙugu, shanu sun fara ratse musu. Kafin a cika shekara goma, filin da ake sakin garke tun hantsi har la'asar ya zama surƙuƙin ƙaya, yaron kiwo ba ya iya kutsawa ya koro maraƙin da ya maƙale a ciki. A wani wurin ɗunɗu ne, a wani sarƙaƙiya. Can wajen Kaduna da Neja tohon doka ne ke rufe fili, a jigawar arewa kuma sabara da tumfafiya.

Abin da mutane ke yi idan abin ya ishe su sananne ne. A kira gayya da rani, a shiga da adda da gatari, a sassabe, a tara, a cinna wuta. Fili ya yi fes, kowa ya koma gida da gamsuwar an yi aiki. Ruwan farko na sauka kowane kututture ya fitar da toho biyar ko goma, saiwoyin da ke kwance ƙarƙashin ƙasa su ma su ɓullo da nasu, taku da yawa daga inda uwar take. Cikin shekara biyu dajin ya fi na da cunkushewa. Daga nan sai a ce ɗunɗu ba ya jin magani. Ni a ganina tun farko ba a gano ciwon ba. Ciyawa ce ta fara mutuwa, itacen ya tarar da gurbi ya zauna, kuma muddin ba a tayar da ciyawar ba, duk saran da aka yi wa wani tohon aka share wa wuri.

Gamba za ta fi nuna mana yadda abin yake. Ciyawa ce mai shekaru. Da rani ganyenta ne ke bushewa, gindinta na nan da rai, da abincin da ta tara a cikinsa tun kaka. Saiwoyinta sun saƙe saman ƙasa, duk ruwan da ya sauka su ke fara sha. Ɗan itacen da ya tsiro a tsakiyar gamba mai kauri yana da damina ɗaya tak da zai tura saiwarsa ƙasa ta kai ga laima, kuma a wannan daminar inuwa ta danne shi, ƙishirwa ta matsa masa. Mafi yawa ba sa ganin hunturu. 'Yan da suka tsira, idan wuta ta bi ta kan busasshiyar ciyawar da ta fi mutum tsawo, ta gama da su. Makiyaya mai lafiya tana kashe dubban 'ya'yan itatuwa kowace shekara ba tare da kowa ya ɗaga adda ba.

Gamba kuwa a farkon damina ake kashe ta. Shanu sun fito daga yunwar bazara, haƙarƙari a waje, ga ɗan kore ya leƙo, wa zai hana su? Amma wannan ganyen na farko da ajiyar gindi aka yi shi. Idan aka cinye shi nan take, ciyawar ta sake ɗibar ajiya ta fitar da wani. Aka sake cinyewa, ta sake ɗiba. Idan haka ta ci gaba damina biyu ko uku ba hutu, gindin ya ƙare. Ga masu yankan zana da jinka, su ma gambar suke nema. Wurin da ta bari sai ciyayi masu damina ɗaya su gada, kyasuwa da ƙarangiya, waɗanda saiwarsu ba ta da zurfi kuma da kaka ta yi sun mutu. Idan matsin bai ragu ba, su ma su ja baya, a bar tafasa da sauran abin da saniya ba ta so. A Nijar garmani ne ya mamaye burtali da huruman kiwo da yawa a yankunan Maraɗi da Dosso ta wannan hanyar. Ƙarshenta fako, wanda ruwa ke gudu a kansa ba ya shiga.

A wannan halin ɗunɗu ke samun ranarsa, kuma saniyar da kanta ke shuka shi. Da rani tana cin 'ya'yansa murɗaɗɗun nan saboda suna da amfani a jikinta. Ƙwayar tana da tauri, ta ratsa cikin saniya ba ta narke ba, ta fito cikin kashi, ta faɗi a filin da babu ciyawar da za ta danne ta, babu kuma abin da wuta za ta ci ta iso gare ta. Sannan yana da wata dabara da gamba ba ta da ita. Dangin wake ne da gyaɗa, akwai ƙananan halittu a saiwarsa da ke jawo masa nitrojin daga iska. Ƙasar da ta gaji har ciyawa ta yi rawaya a kanta, shi ba ta dame shi ba, da guzurinsa ya zo.

Wannan itace namu ya yi suna a nesa. A ƙarni na 19 aka kai shi tsibirin Kuba, inda suke ce masa marabu. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, mai da taki da kayan gyaran tarakta suka yanke wa Kuba, aka yi watsi da gonakin rake da filayen kiwo, ya mamaye fiye da hekta miliyan ɗaya. Yau gawayinsa suke yi suna kaiwa Turai, har a 2017 ya zama kaya na farko da Kuba ta sayar wa Amurka ta halastacciyar hanya bayan fiye da shekara hamsin. A Namibiya ana ƙiyasta hekta miliyan 45 ne ƙayoyi suka rufe, ɗunɗu na cikin manyansu. Can shanu aka killace cikin waya shekara da shekaru, aka hana wuta, aka rage namun dajin da ke cin ganyen itace. Mu kuma a nan akwai ƙarin abin tsoro, domin surƙuƙi mai inuwa gidan tsando ne, tsando kuwa shi ke kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Saboda shi ne aka share bakunan rafuka a shirin Anchau tun ƙarshen shekarun 1930, har aka kafa garin Takalafiya.

To, me ya sa ƙasar ta gaji tun farko, alhali ba noma ake yi a kanta ba? Mutane da yawa sun ɗauka ciyawa kyauta take fitowa, ba ta cin komai. Tana ci. Tan ɗaya na busasshiyar ciyawa yana ɗauke da kimanin kilo 10 zuwa 15 na nitrojin, da kusan haka ko fiye na fotasiyam, da kilo biyu ko makamancin haka na fosfaras. Filin da ake yanke wa tan uku a hekta kowace kaka yana rasa nitrojin kilo 30 zuwa 45. Buhun yuriya mai kilo 50 nitrojin kilo 23 ne a cikinsa. Ke nan duk shekara ana fitar da abin da ya kai buhu ɗaya da ɗoriya zuwa kusan biyu daga kowace hekta, a ɗora a amalanke, a kai Kano ko Maraɗi ko Yamai a sayar wa masu kiwon ragon layya. Kashin ragon a birni zai tsaya. Rumbun da ake ɗiba kullum ba a zubawa, ko yaya girmansa, wata rana hannu zai taɓo ƙasa, kuma ƙasarmu ta savana dama ba mai yalwa ba ce: ruɓaɓɓen ganye da taki da ke cikinta sau da yawa ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, fosfaras kuwa kusan ko'ina ƙarancinsa ake yi.

Kiwo ya fi yanka sauƙi a kan ƙasa, domin saniya ba ta riƙe abin da ta ci. Kashi uku cikin huɗu, ko fiye, na waɗannan sinadarai suna fitowa ta kashi da fitsari. Sai dai a duba inda suke faɗuwa. Garke ya yini a daji yana ci, da yamma ya koma ruga ko gonar manomin da aka yi yarjejeniya da shi, ya kwana a can. Wannan tsohuwar hulɗa ta Bafulatani da manomi, taki a ba da kara ko damin hatsi, ita ta riƙe gonakin ƙasar Hausa ƙarni da ƙarni, kuma ba na ganin akwai abin da ya fi ta hikima a noman mu. Amma a faɗi gaskiya, makiyaya ce ke biyan kuɗin. Lokacin da daji yake da faɗi, gona kaɗan, asarar ba ta bayyana. Yanzu da gonaki suka ci daji, ɗan abin da ya rage shi ke ciyar da shanu, shi ke ciyar da gonar. Har kashin da ya faɗi a makiyayar ana bi da buhu ana tsincewa.

Akwai kuma sharar ciyawa da manjagara, wadda ta yi yawa a Nijar, har dokar makiyaya ta 2010 ta sanya mata ƙa'ida. Mai manjagara ba ya barin komai, har irin da ya zube yake kwashewa. Busasshiyar ciyawar da ke kwance a ƙasa aiki take yi: tana tare iskar hunturu, tana kare ƙasa daga dukan ruwan farko, gara na janta cikin ƙasa tana buɗe ƙofofin da ruwa zai bi. Filin da aka share tas shekara uku a jere, a ta huɗu mai sharar ma ba zai samu abin ɗauka ba.

Wanda ya ji wannan lissafi zai iya cewa a sayo yuriya a watsa. Ga filin ciyawar sayarwa da ke kusa da gari, mai shinge, wannan na iya biyan kansa, musamman idan aka raba takin kashi biyu, ɗaya bayan ruwa ya zauna, ɗaya bayan yankan farko. Amma yuriya kaɗai shekara bayan shekara tana tsamama ƙasa. A Samaru ta Zariya akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, inda ake kwatanta kashin shanu da takin zamani iri-iri a kan ƙananan fegi. Fegin da aka dinga ba takin nitrojin zalla ƙasarsu ta yi tsami, amfani ya ja baya. Waɗanda aka haɗa wa kashin shanu da na zamani su suka riƙe ƙarfinsu. A kan amfanin gona aka yi gwajin, amma ƙasar ɗaya ce da wadda ciyawa ke tsaye a kanta. Kuma makiyayin da ke da hekta ɗari na hurumi a gabansa, wanda ba nasa ba ne shi kaɗai, maganar buhunan yuriya ba ta ma taso ba.

Hanyar da ta fi dacewa da aljihun makiyayi ita ce a ƙwace wa ɗunɗu dabararsa, a sa ciyawa mai dangin wake ta yi aikin jawo nitrojin. An gwada wannan a ƙasarmu, kuma gwajin ya cancanci a tsaya a kansa. A farkon shekarun 1980 masu bincike na cibiyar ILCA, wadda hedikwatarta ke Adis Ababa kuma take da ofishi a Kaduna, sun yi aiki da Fulanin da suka zauna a Kurmin Biri da Abet da hurumin Kachia. Matsalar da suka sa a gaba ita ce ta rani. Busasshiyar ciyawar daji furotin ɗinta kan faɗi ƙasa da kashi uku cikin ɗari, saniya kuwa tana bukatar kusan bakwai kafin ta riƙe jikinta. Shi ya sa za ka ga cikinta cike amma tana ramewa. Sai suka fito da abin da suka kira bankin ciyawa: fili kimanin hekta huɗu kusa da ruga, a kewaye shi da waya, a shuka masa sitailo, wata ciyawa mai dangin wake wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, aka inganta ta a Ostireliya.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda aka gina shi a kan abin da makiyayi ke da shi. Ba shi da garma, ba shi da tarakta, amma yana da shanu. Sai a kwanar da garken a wani yanki na filin 'yan kwanaki a farkon damina, kofato ya farfasa ƙasa, kashi da fitsari su jiƙa ta, a matsa gaba. Irin sitailo yana da tauri, sai a jiƙa shi a ruwan zafi kafin a watsa. A bi shi da takin supa, buhu biyu zuwa uku a hekta, domin dangin wake ba sa yin komai idan babu fosfaras, kuma supa tana ɗauke da sulfa wanda shi ma ƙasarmu ke ƙarancinsa. Idan ciyawar daji ta taso za ta rufe sitailon, a saki shanu su kiwace ta, tunda a farkon damina ita suka fi so, suna barin sitailon. Daga nan a rufe ƙofa har rani. Da rani a riƙa shigar da masu ciki da masu shayarwa awa biyu ko uku a rana.

Shanun da suka samu wannan sun fi riƙe jiki, 'yan maruƙa sun fi tsira. Wani abin kuma ya biyo baya wanda ya ja hankalin manoma: masarar da aka shuka a filin bayan shekara biyu ko uku na sitailo ta fi ta maƙwabta nesa ba kusa ba. Amma tsarin bai bazu yadda aka yi fata ba, kuma dalilan suna da amfani gare mu. Waya da turaku sun yi tsada, ga gara tana cin turakun katako. Gobara ɗaya ta rani tana cinye ajiyar shekara. Wasu sun saki garken duka a ciki, ya ƙare cikin makonni. Sannan nasarar kanta ta zo da nata aikin, domin sitailo na ƙara wa ƙasa nitrojin, ciyawar daji na samun ƙarfi, bayan 'yan shekaru ta rinjaye shi. Wanda ya gane sai ya noma masara ko dawa a wurin shekara ɗaya ko biyu, hatsin ya shanye nitrojin ɗin, sitailon ya dawo daga irin da ya zube. Babban cikas kuwa shi ne na mallaka. Mutumin da bai da tabbacin baɗi yana nan ba zai binne kuɗinsa a ƙasa ba. Har yanzu ana samun irin sitailo da lablab da gamba ta hannun cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ga wanda ke da filin da zai iya karewa.

Inda ƙasa ta riga ta zama fako, iri da taki ba su isa ba, sai an fara tsayar da ruwa. Mutanen Tawa da Tillaberi sun ƙware a haƙa rabin wata, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a zuba ɗan taki, a watsa irin ciyawa. Aiki ne mai cin ƙarfi, amma fakon da ya shekara ashirin tsirara yakan yi kore a daminar farko.

Mu koma kan itacen da ya riga ya kafu, domin shi ba zai tafi don an gyara ƙasa ba. Lokacin sara shi ne kusan komai. Da rani, sa'ad da hannu ya samu sarari kuma aka saba sassabe, itace ya riga ya sauke abincinsa cikin saiwa, wanda ya sare shi a lokacin reshe kawai ya ɗauka. Lokacin da ya fi rauni shi ne bayan ya gama fitar da sabon ganye a farkon damina, ya kashe ajiyarsa bai fara mayarwa ba. A sare shi a nan, ƙasa-ƙasa. Zai yi toho, a bari tohon ya kai kamu ɗaya a sake sarewa kafin damina ta fita. Abin da aka yi wa gamba har ta mutu, shi za a yi masa. Na san wannan ya faɗo daidai lokacin noman farko, lokacin da ba mai hannu biyu, shi ya sa gara a ɗauki ɗan yankin da za a iya bi sau biyu a shekara har shekara uku, da a share hekta ashirin sau ɗaya a juya baya.

Awaki suna rage wannan wahala ƙwarai. Saniya ƙasa take kallo, akuya sama, kuma ɗanyen toho shi ne abin marmarinta. Idan aka tsare awaki da yawa a kan yankin da aka sare, suna bin tohon tun yana laushi, sun yi sara na biyu da na uku ba lada. Raƙumi ma haka, ga abin da ya fi tsawo. Makiyayar da shanu zalla ke ci ta fi saurin rufewa da ƙaya. Ƙananan tsirrai kuwa a tumɓuke su da diga lokacin marka, ƙasa na da taushi. Akwai magungunan da ake shafa wa kututture nan take bayan sara, kafin wurin ya bushe, su bi ta ciki su kashe saiwar. Suna aiki, kuma shafawa ta fi feshi nesa, domin feshi zai haɗa da sitailo da duk wani ganye mai amfani. Mai yin haka ya sa safar hannu, ya bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, ya nisanta dabbobi da mashaya. Filin yanka shi ya fi sauƙi: lauje na bi ta kan ɗan itace kowace shekara, ba ya samun girma. Daga gefe yake shigowa, ta gindin shinge da kan suri, nan ne za a sa ido.

Maganar wuta tana da wuyar yi, domin an yi mana ɓarna da ita da yawa. A Olokemeji da ke kudu maso yammacin Nijeriya, tun 1929 ma'aikatan gandun daji suka ware fegi uku: ɗaya ba a ƙona shi, ɗaya a ƙona da farkon rani, ɗaya a ƙarshensa. Wanda aka kare ya koma kurmi. Na farkon rani itatuwa sun ci gaba da zama a cikinsa, domin wutar lokacin sanyi-sanyi ce, ciyawa ba ta gama bushewa ba. Na ƙarshen rani shi ya zauna fili mai ciyawa da 'yan itatuwa masu jure wuta. Ke nan ƙunar da aka fi yi a wurinmu, ta watan Nuwamba da Disamba don neman sabon toho ko farautar gafiya, tana cinye abincin rani, tana tura nitrojin da sulfa sama cikin hayaƙi, kuma ba ta kashe ɗunɗun. Idan za a yi amfani da wuta, a yankin da gamba ke da ruwan da za ta farfaɗo, to sau ɗaya a shekara uku ko huɗu, a kan yankin da aka hutar har ciyawa ta taru, dab da saukar ruwa, bayan an share hanyar tare wuta kewaye, da sanin hukuma da maƙwabta. A arewa mai ƙarancin ruwa, inda ciyawar damina ɗaya ce abincin shekara, wuta asara ce zalla, shi ya sa kowace kaka ake fitar da dubban kilomita na hanyoyin tare gobara a Nijar.

Kada mai karatu ya ɗauki adda ya shiga sare duk abin da ke tsaye. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa ciyawa rana, da rani kuma ya yi kore ya zubo 'ya'yan da dabbobi ke rububi, ƙasar gindinsa ta fi ta kewaye ƙarfi. Sarakunan Damagaram a ƙarni na 19 sun sanya hukunci mai tsanani a kan sare shi. Kawo da maɗobiya ganyensu ke fitar da shanu daga bazara. Kalgo da aduwa da magarya kowanne na da ranarsa. A Maraɗi, tun daga 1983 da Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma su bar tohon kututture ɗaya ko biyu su gyara shi maimakon sassabe duka, an ƙiyasta hekta miliyan biyar ne suka sake samun itatuwa a kudancin Nijar. Manyan itatuwa jefi-jefi suna ma taimaka wa mai yaƙi da surƙuƙi, domin saiwoyinsu na hana ƙanana sakewa a kewayensu. Abin lura shi ne mai yaɗuwa ta saiwa, mai haɗe kai ya hana wucewa, da baƙon da aka kawo da kyakkyawar niyya ya fi ƙarfin masu shi, irin ƙayar furosofis da aka shuka don tare hamada a yankin Diffa, ta bi kashin dabbobi ta cika busasshen gadon Tafkin Chadi wajen Ngigmi.

Duk wannan yana komawa kan abu ɗaya mai wuya, wato hutu. Gamba na bukatar makonni shida ko makamancin haka a farkon damina ba baki a kanta, da kuma damar zubar da iri lokaci-lokaci. Mai filin yanka zai iya yi shi kaɗai: ya yanka lokacin da ciyawa ta fara fitar da kai, tana da sauran kore da amfani, ya bar taƙi guda a gindi, ya bar wani zirin bai taɓa ba don iri, ya mayar da takin turkensa filin da ciyawar ta fito. A hurumi kuwa mutum ɗaya ba ya iyawa. Dokar huruman kiwo ta Jihar Arewa ta fito a 1965, kuma cikin hurumai kusan 415 da ake lissafawa a Nijeriya, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne aka tabbatar a gazet. Sauran kowa na ci, ba mai iko ya ce a dakata. Inda ake da arɗo mai faɗa a ji da mai unguwar da suke jituwa, ana iya raba hurumin gida huɗu, a rufe ɗaya daga saukar ruwa zuwa marka, shanu su yi ta sauran ukun, baɗi a matsa gaba. Yankin da aka rufe shi za a bi da diga da adda a wannan daminar, shi za a watsa wa irin gamba da supa idan an samu, kuma sai an sanar da baƙin garken da ke wucewa ta burtali tun kafin su iso.